Sharhi: Ƙwari, Itatuwa da Ƙarfin Ƙasar Noma a Yammacin Zamfara

Sharhinmu na yau ya nufi yammacin jihar Zamfara, ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, da ƙauyukan da ke tsakaninsu irin su 'Yargalma. Za mu duba abin da ke samun itatuwan daji da na gona idan ƙwari suka yi musu taron dangi, da yadda hakan ke taɓa ƙasar da muke shuka gero da dawa a kanta.

Manomi yakan tashi tsaye idan tsutsa ta shiga masara, ko fara ta sauka a kan gero. Amma idan kaɗanya ko aduwa ko marke aka cinye wa ganye, sai a ɗaga kai a duba, a ce ai itace ne, zai sake toho. Wani lokaci yakan sake, wani lokaci kuma daga nan ya fara mutuwa a tsaye. Me ya bambanta biyun? Amsar tana ga lafiyar itacen kafin ƙwarin su zo, da kuma halin da ƙasar gindinsa ke ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da masana daji suka gano a ƙasashe da dama bai saɓa wa wannan magana ba.

Bari mu fara da yadda itace ke ciyar da ƙasa a shekarar da babu annoba. Saiwar ɗorawa ko tsamiya ko kirya tana nutsawa inda saiwar gero ba ta kaiwa, ta jawo ruwa da sinadarai daga can ƙasa, ta kai su ga ganye. Kafin ganyen ya bushe ya faɗi da kaka ko hunturu, itacen yakan janye kusan rabin naitirojin da fosfaras da ke cikinsa, ya adana a rassa da saiwa don tohon baɗi. Abin da ya rage ya zubo ƙasa, gara ta ja shi cikin rami, dabbobi su ci wani su mayar da shi kashi, buzuzu ya binne kashin, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ƙarasa ruɓar da shi. Kafin damina ta kankama, abin da saiwa ta ɗauko daga ƙasa ya dawo sama ya zama taki. Shi ya sa ƙasar gindin itace ta fi duhu da laushi, shi ya sa kuma duk manomi ya san geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kauri da cikar zangarniya, don gawo da damina yake zubar da ganyensa, ya ba shuka taki kuma bai tare mata rana ba.

Annobar ƙwari takan birkita wannan tsari ta fuskar lokaci. Ganyen da ya kamata ya faɗi a bushe bayan itace ya kwashe rabonsa, sai a cinye shi ɗanye shar tun farkon damina, da dukan sinadarinsa. A yankunan kaɗanya, daga jihohin Neja da Kwara har zuwa Burkina Faso, akwai wata tsutsa da ke fitowa kowace shekara tsakanin watan Yuni da Agusta. Wanda ya tsaya a gindin kaɗanyar da ta kama zai ji kashinta na zubowa tas-tas a kan ganyen ƙasa, ba dare ba rana. Ya sunkuya ya duba, zai ga ƙasar ta rufe da baƙaƙen ƙwayoyi, da gutsattsarin ɗanyen ganyen da ya kuɓuce wa tsutsar. Ya ɗaga kai, sai ya hangi sama ta tsakanin rassa, babu abin da ya saura sai jijiyoyin ganye. Bayan 'yan makonni tsutsar ta sauko ta bi gindin itacen, ta shige ƙasa, ta kwanta a can sai wata damina.

Wannan kashi taki ne mai saurin narkewa. A kudu maso yammacin Burkina Faso, inda mata ke tsintar tsutsar su soya su kai kasuwar Bobo-Dioulasso, masu bincike sun auna gonakin da ke ƙarƙashin kaɗanya, suka tarar masarar da ke gindin itatuwan da aka cinye wa ganye ta fi girma, saboda rana ta samu shiga, ga kuma takin da ya zuba. Ba su kuma ga alamar cewa 'ya'yan kaɗanyar sun ragu ba. Kaɗanya da wannan tsutsa sun daɗe tare, lafiyayyen itace kan sake toho cikin 'yan makonni. Ke nan ba duk cin ganye ne ɓarna ba. Inda daji ke da ƙarfinsa, ƙwari na cikin ma'aikatan da ke mayar da ganye ƙasa.

To amma mu kawo wannan takin mu zuba shi a ƙasar da aka kwashe wa kara da harawa, aka cinna wa ciyawarta wuta, dabbobi suka tattake ta duk tsawon rani. Babu saiwar da za ta sha shi, babu ruɓaɓɓen ganyen da zai riƙe shi. Ruwan sama na farko mai ƙarfi zai wanke shi ya bi ƙorama, daga ƙorama zuwa gulbin Zamfara ko gulbin Ka. A gabashin Amurka an auna ruwan ƙoramu bayan wata tsutsa ta cinye ganyen dazuzzukan tsaunukan yankin, aka ga naitirojin ya ƙaru a ruwan har tsawon shekaru. Abin da daji ya ɗauki zamani yana tarawa, ruwa ya tafi da shi. Bayan haka, itacen da babu ganye ba ya tare rana, ba ya rage ƙarfin ɗigon ruwa. Ƙasar gindinsa ta yi zafi, ta bushe da wuri, ruwa ya daddake fuskarta ta yi ɓawo. Daga nan fako ke farawa, ruwa ya daina shiga ƙasa sai dai ya gudu a kanta, ya ci gefen gona ya buɗe kwazazzabo. Mutanen Gummi da suka ga ambaliyar watan Agustan 2024 sun san ƙarfin ruwan da ya taho bai samu abin da zai rage masa gudu ba.

Shi kansa itacen fa, wane hali yake shiga? Itace na da ajiyar abinci a saiwa da gangar jiki, kamar yadda magidanci ke da rumbu. Idan aka cinye ganye, daga rumbun yake ɗiba ya fitar da sabon toho. Shekara ɗaya ba komai, zai mayar da abin da ya ɗiba. Idan abin ya maimaitu shekara biyu ko uku a jere, ga ƙarancin ruwan sama, ga makiyayi ya sassare rassa don dabbobi, ga mai magani ya ɓare ɓawo ta kowane gefe, ga wutar daji ta lashi gindi, sai rumbun ya ƙare. Ƙananan saiwoyi su fara mutuwa, fure ya ragu, 'ya'ya su ƙanƙance. A lokacin ne ƙwarin da ke huda itace ke samun dama, domin itacen ba shi da isasshen ruwa ko ƙaron da zai toshe musu hanya. Za ka ga ƙananan ramuka a jikin ɓawo, da garin itace a zube a gindi. Idan an kai nan, saura gatari da buhun gawayi.

Mun taɓa ganin haka a kan dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya. An kawo shi Borno a 1928, ya bazu har ya zama inuwar kasuwa da makaranta da bakin hanya a duk arewa. A tsakiyar shekarun 1980, bayan farin 1983 da 1984, wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye yana tsotse ruwansa ya ɓarke a kan dogon yaro a yankin tafkin Chadi, a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Ganye ya riƙa ƙonewa yana zuba, itatuwa masu yawa suka bushe. Daga 1990 kuma aka fara ganin dogon yaro na ramewa a Nijar da arewacin Najeriya, kuma masanan da suka bincika sun fi danganta abin da ƙishirwa da taurin ƙasa. Darasin a bayyane yake. Mun dogara ga itace iri ɗaya, mun jera shi dubbai, ranar da ya galabaita sai abin da ke cin sa ya samu abinci babu iyaka.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi da kayan aiki ma ba su tsira ba. A lardin British Columbia na Kanada, wani ƙwaro da bai wuce ƙwayar shinkafa girma ba, mai shiga ƙarƙashin ɓawo, ya ɓarke daga ƙarshen shekarun 1990, ya taɓa daji fiye da hekta miliyan 18, wato sama da faɗin jihar Zamfara sau huɗu. Dalili biyu suka haɗu: sanyin hunturun da ke kashe ƙwaron ya ragu, dajin kuma ya cika da itace iri ɗaya masu shekaru kusan ɗaya. Ɗumamar yanayin da ta sassauta sanyin Kanada ita ce ke ƙara mana zafin bazara da rikicewar damina a nan.

Sai kuma fara, wadda ambatonta ya zo a Alƙur'ani cikin bala'o'in da aka saukar wa mutanen Fir'auna. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa garken farin ɗango mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya na ɗauke da fara miliyan 40 zuwa sama, kuma a yini guda yana cin abin da mutum 35,000 za su ci. A 2004 ta auka wa maƙwabtanmu na Nijar a kan ƙarancin ruwan sama, abin da ya kai ga yunwar 2005 a Maraɗi da Tawa da Damagaram. Akwai kuma farar itace, wadda ke kwana a kan rassa tana cin ganyen aduwa da magarya da dakwara, har takan rage ƙaron da ake samu a Sudan. Fara ta bambanta da tsutsa a wuri ɗaya: tsutsa inda ta ci nan take zubar da taki, fara kuwa takan ci ta tashi, wani kaso na abin da ta ci ya tafi da ita wata ƙasa.

Akwai abin lura game da fara da ƙasa. A 2012 masana suka wallafa binciken da suka yi a makiyayar arewacin Sin, inda suka nuna wata fara ta fi yaɗuwa a filin da kiwo ya cinye, wanda ciyawarsa ta rasa naitirojin. An bi sawun binciken a Senegal a kan irin farar da ke cin gero a nan yankinmu, aka tarar gonar da aka sa wa taki ba ta tara fara kamar wadda aka bari ba taki, ɓarnar ma ta fi sauƙi. Ashe gajiyayyar ƙasa da kanta take gayyato mai ƙarasa ta. Wanda ya kai takin gargajiya gonarsa, ya bar itace a cikinta, ya fara yaƙi da fara tun ba ta ƙyanƙyashe ba.

Idan annoba ta zo, abin da ya fi saurin zuwa bakin jama'a da na hukuma shi ne feshi. Feshi na da ranarsa, musamman idan garken fara ya taso. Amma a san abin da yake kashewa. Tsakanin 2003 da 2005 an feshe kusan hekta miliyan 13 a arewaci da yammacin Afirka. A Madagaska, bayan feshin fara na ƙarshen shekarun 1990, masana sun tarar maganin ya hallaka gara mai yawa, ƙadangarun da ke cin ta su ma suka ragu. Guba ba ta tantance tsutsa da ƙudan zuman da ke bin furen kaɗanya har ta yi 'ya'ya. Ba ta bar belbela da shamuwa da cilakowa da zabin daji ba, waɗanda ke tsince fara da tsutsa kyauta. Idan aka kashe masu cin ƙwaro, ƙwaron ne ke riga su dawowa. Ga kuma haɗarin kwashe farar da feshi ya kayar a soya a kai kasuwa, yara su saya su ci.

Mutanen 'Yargalma ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan gubar da ta shiga ƙasa. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma 'Yargalma da Dareta na cikin garuruwan da aka fara kankare ƙasar gidajensu, aka haƙa rami aka binne ta, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. An iya yin haka a tsakar gida da lungunan gari. Babu wanda zai iya kankare ƙasar daji da gonaki ya kawo wata. Wadda muke da ita, ita ce za mu bar wa 'ya'yanmu, don haka a yi hattara da abin da ake zuba mata.

Akwai hanyoyin da aka gwada suka yi aiki. A shekarun 1980 wani farin ƙwaro daga Asiya ya addabi mangwaro a Togo da Benin da Ghana da kudancin Najeriya. Masana, ciki har da na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai hedikwata a Ibadan, suka kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Indiya mai yin ƙwai a jikin ƙwaron, cikin 'yan shekaru annobar ta lafa ba tare da an feshe itatuwa ba. Haka nan daga 1989 aka fara aikin samar da maganin fara daga wata halitta dangin naman kaza da ke zaune a ƙasa, aka gwada shi a Nijar, yana kashe fara ya bar tsuntsaye da zuma.

Wata dabarar ma ba ta bukatar ko sisin kwabo. Manomi ya samu fako a gonarsa, inda ko ciyawa ba ta fita, ya shimfiɗa karan dawa da rassan sabara da ɗan kashin shanu tun da rani. Bayan makonni ya ɗaga karan, zai ga gara ta lulluɓe shi da jar ƙasa, ƙarƙashinsa kuma ƙananan ramuka birjik. Iska ta tara ƙura da irin ciyawa a wurin. Da ruwa ya sauka, maimakon ya gudu, sai ya bi ramukan ya shige. Garar da muke tsine wa idan ta ci azara ko ta kayar da dashe, ita ce ta huda fakon. Da irin wannan aiki, da ramukan taki da ake kira tassa, manoman Tawa suka raya filayen da aka yanke wa ƙauna. A Maraɗi kuwa, tun daga 1983 aka fara sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a rage shi ya girma. Yau ana lissafin itatuwa kusan miliyan 200 a fili hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, iri daban-daban, mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Gonar da ke da gawo da kalgo da aduwa da magarya a gauraye, ƙwaro ɗaya ba ya gamawa da ita.

Ba za mu rufe ido ga halin tsaro ba. Dazuzzukan Gando da Sunke sun zama wuraren da malamin daji ba ya iya shiga, manomi da mai tsintar kaɗanya ma sai da fargaba. Idan annoba ta fara a can, babu mai gani sai ta fito. Jama'ar da aka raba da ƙauyukansu sun taru a Anka da Bukkuyum da Gummi, kuma dole su dafa abinci, don haka nauyin itacen girki da gawayi ya koma kan 'yan itatuwan da ke kewaye da gari. Ba a zargin wanda ya rasa gida don ya sari itace. Hukuma ce za ta sama masa murhu mai rage cin itace da abin dogaro, ta kuma dawo da zaman lafiyar da zai ba shi damar komawa gonarsa.

Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, tana kuma cikin shirin farfaɗo da ƙasa na arewa da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021. Muna kira ga masu gudanar da waɗannan ayyuka da su daina auna nasara da yawan dashen da aka raba ranar biki. A gauraya iri, a ba itatuwanmu na gida muhimmanci, a koma bayan shekara uku a ƙirga waɗanda suka rayu. Ma'aikatar da ke kula da gandun daji ta haɗa kai da kwalejin aikin gona ta Bakura da jami'ar tarayya ta Gusau da jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a koya wa matasan ƙauye gane alamun annoba, a ba su lambar da za su kira ko su tura hoto ta waya.

Iyayenmu sarakuna da hakimai da dagatai, da ku ake kiyaye dokar hana sare kaɗanya da ɗorawa da gawo, a farfaɗo da ita, a tsawata wa masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Malamai su tunatar a huɗuba cewa dashen itace sadaka ce mai gudana. Makiyayi ya rage reshe, kada ya aske itacen gaba ɗaya. Manomi ya bar wani kaso na kara a gona, ya bar tohon kututture ya tashi. Iyaye su hana yara harbin tsuntsaye da danƙo. Wanda ya ga ganye na ƙonewa ba wuta, ko garin itace a gindin itace, ko 'ya'yan fara sun taru suna tsalle wuri ɗaya, ya sanar da mai gari da malamin gona tun abin bai bazu ba, kuma kada ya sayi maganin feshin da bai san sunansa da ƙa'idarsa ba.

Ƙwari ba za su ƙare ba, kuma ƙasa ba za ta rayu babu su ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu bar itace da ƙarfin da zai jure musu, mu bar ƙasa a rufe yadda za ta riƙe takin da suka zubar. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mana dazuzzukanmu da gonakinmu, Ya dawo da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.